Lulluɓin Makarar Inna Bibata

"Kamarou, me ka zuba a ciki?"

Ina bakin ƙofa ina juya waina na jiyo muryar Inna Bibata daga ƙuryar gida. Ba ihu ta yi ba, kuma abin da ya sa na bar tanda a kan wuta na shiga ke nan, don tsohuwar nan in ta yi magana a hankali to abu ya ɓaci. Na same ta tsaye a kan tukunyar rininta, ruwan da ya kwana a tsakar gida ya kai mata idon sawu, hannunta ɗaya dafe da bango. Ɗanta Kamarou yana gefe riƙe da farar robar jabel, ruwan maganin nan da ake wanke fararen kaya da shi, ya naɗe ƙafar wando, fuskarsa irin ta wanda ya yi aikin lada yana jiran a sa masa albarka.

"Jabel ne, Inna. A rediyo suka ce duk ruwan da ke ajiye a ɗiga masa, saboda kwalara. Na sa a rijiya, na sa a duro, sai na ga wannan ma ruwan sama ya shiga."

"Ɗigawa ka yi?"

Ya dubi robar. Ta kusa ƙarewa.

"Na ji warin ya yi yawa ne," in ji shi.

Inna ta tsoma yatsa a tukunyar, ta ɗora a harshe, ta tofar. Ruwan da a da yake da kumfa mai ƙyalli ya koma kamar ruwan wankin tsumma. Ta ce, "Ya mutu." Ta juya za ta koma ɗaki ƙafa ta ƙi, ni da Nimatou matar Kamarou muka kama ta muka kai ta kan gado. Wainata kuwa ta ƙone ƙurmus a waje.

Gidanmu irin gidan hayar Zongon Kwatano ne, dogon tsakar gida da ɗakuna a jere, ni a bakin ƙofa da murhuna, ita can ƙurya da tukwanenta. Mun daɗe tare, kuma ban taɓa ɓoye mata cewa tukunyar nan tana wari ba, har gobe ina kan bakana. Ita kuma takan ce man suyata ya girme ta. Gaisuwarmu ta safe ke nan.

Zare take rina wa masu ɗinkin hula da 'yan masaƙan da suka rage. Ja daga karan dafi take fitar da shi, rawaya daga gangamau da ɓawon albasar da take bi ɗaki-ɗaki tana tsinta, baƙi daga bagaruwa da tsatsar tsofaffin ƙusoshi. Waɗannan duk dafawa ake yi kamar miya, ka dafa yau ka rina yau. Baba, mai ba da shuɗi, shi ne kaɗai mai rai. Ganye ne da ake dakawa a cura a busar, a jiƙa shi a ruwan toka, a yi ta motsa shi safe da yamma har ya tashi, kuma in ya tashi sai an yi ta lallashinsa. Hannun Inna daga gwiwar hannu zuwa farce shuɗi ne, ban taɓa ganin ainihin launin tafinta ba.

Abin da ke jiran tukunyar nan kuwa ba zaren hula ba ne. A masallacin lungunmu makara ɗaya ce, bargon da ake rufa mata ma ɗaya. Wani bawan Allah ne ya ba da shi sadaka, Allah ya saka masa, amma bargo ne irin na kanti mai hoton damisa. Masu ɗaukar gawa sukan ninke shi su ɓoye kan, sai wutsiyar ta leƙo ta gefe. Ranar da aka fita da Karimatou, aminiyar Inna tun suna 'yan mata, muna tsaye a ƙofar gida mu mata, makara ta wuce, wutsiyar damisa na reto daidai ƙafafun mamaciya. Inna ba ta yi kuka ba. Ta kama hannuna ta matse har na ji zafi.

"Dije, matar da ko kallabi ba ta ɗaurawa sai ta duba shi a rana, ita za a fitar cikin wannan? Wallahi damisar nan ba za ta raka ni ba."

Na ɗauka maganar zafin mutuwa ce. Ashe ta je har wurin liman, Malam Maharazu, ya ce mata likkafani ne fari dole, abin rufa makara kuwa babu laifi in dai mai tsarki ne. Ta samo farin ƙyalle mai faɗi, saƙar hannu, ta zauna da 'ya'yan tsamiya cike da kwano da zaren buhun shinkafa. Ta ɗauki ɗan tsamiya ta cusa a ƙyallen ta ɗaure wuyansa tam, ta ɗauki wani. Wata da watanni tana wannan, har ƙyallen ya tattare ya zama dunƙule mai ƙuraje da za ka iya runguma da hannu ɗaya. Duk inda zare ya ɗaure rini ba ya shiga, amma ba wanda ya san zanen da ke ciki sai ita. Ta ce in ya gamu, sadaka ne ga masallaci, a rufa wa kowa, sai dai ita za ta fara.

Ta tsoma shi a baba kaɗan ke nan, bai wuce ruwan bula ba, ciwon zuciyarta ya taso. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya zama aiki. A asibiti suka ce wa Kamarou ya kai ta gida ya riƙa ba ta duk abin da take so, kuma babu yaro a cikinmu, kowa ya san fassarar wannan. Sai ga ruwan sama, sai ga jabel.

Da yammar ranar Kamarou ya zo ya tsuguna a gindin rumfata. Mutum ne mai tsabta har ta yi yawa, yana sayar da kayan babur amma ba ka taɓa ganin baƙin mai a farcensa. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, duk da haka ban rage masa komai ba.

"Kai yanzu, ɗan marina, ka rasa abin wankewa sai baba?"

"Yaya Dije, ki bar ni da abin da ke damuna. Akwai galura a kasuwa, ta gwangwani. Aka ce kafin la'asar an gama."

"Je ka faɗa mata da bakinka. Ni ina da sauran amfani a duniya."

Ya je. Na bi shi, don ba na son a ba ni labari. Inna ta saurare shi har ya gama, idonta a rufe, sannan ta buɗe.

"Na gode, Kamarou. Idan galura ce, bar mini damisar, ita ma ai galura ce." Ta numfasa. "Ba ka yi don mugunta ba, na sani. Wanda ya kashe shi ne zai tayar da wani. Za ka iya?"

"Inna, ban san komai a ciki ba."

"Ni na sani. Hannu na rasa."

Haka gidanmu ya koma marina, shugabar tana kwance. Ta aiki Idrissou maƙwabcinmu, mai haya da babur, har Abomey-Calavi wurin wata tsohuwa da ke cura ganyen baba. Ya dawo jiƙe sharkaf da buhu a ƙirji cikin rigar ruwansa, shi ya sha duka ya kare kayan. Inna ta ce ruwan rijiya yanzu guba ne, na famfo ma yana da magani, sai na sama, wannan kuwa Allah ya hore mana har ya yi yawa. Saura toka. Ta gawayi ba ta da ƙarfi, in ji ta, kuma duk gidan daga mai gas sai mai gawayi. Ni kaɗai ke hura itace. Tokar da nake kwasa in zubar a kwata, ranar da rakiya aka zo ɗaukarta. Aka zuba ta a kwando, aka yi ta tsiyaya ruwa a kai yana ɗiga a baho, Nimatou na kai wa Inna a ludayi tana shafawa tsakanin yatsu har ta ce ya yi santsi.

Da aka wanke tukunya za a mayar da ita ƙurya, Inna ta ce a dakata.

"Wannan watan rana ba ta fitowa, ga iskar teku. A ƙurya ba zai tashi ba, sanyi zai kama shi. Ina ne wuta ba ta mutuwa a gidan nan?"

Duk ɗakin aka juyo ana kallona.

"Inna, abinci nake sayarwa," na ce.

"Ai shi ma ɗumi kawai zai ci, ba zai taɓa miki waina ba."

"Mutane za su gudu."

"Wanda man nan naki bai kora ba, ba abin da zai kore shi."

Kamarou da Idrissou suka girke tukunyar a jikin murhuna, aka naɗe ta da tsofaffin buhuna, aka zuba curin baba da ruwan toka, aka rufe da faifai. Ba a jima ba ta fara aikinta. Wani mai ɗinki da ke karyawa a wurina kullum ya ɗaga hanci ya ce, "Hajiya Dije, yau da daddawa kika yi ƙullin?" Na ce masa sabon salo ne, in bai yi masa ba ga hanya. Wasu sun ɗauke ƙafa, ba zan yi ƙarya ba. Amma da labari ya zaga lungu cewa lulluɓin makara ake haɗawa, sai suka dawo, suna toshe hanci da hannu ɗaya suna cin waina da ɗayan, suna tambaya, "Ya tashi?"

Bai tashi ba. Safe da yamma Kamarou yana zuwa da muciya, sanye da safar hannu ta roba har gwiwa, yana motsawa a hankali yadda aka koya masa, ba a bugawa, ba a ɗagawa. Nimatou ta ɗebi kaɗan a ludayi ta kai ɗaki. Inna ta daina cin tuwo, kunu ma sai an yi ta roƙo ta kurɓi kaɗan, amma ludayin nan ko barci take in ta ji warinsa sai ta buɗe ido. Ta sansana, ta taɓa da harshe.

"Yana barci. Ƙara masa wuta."

Wata rana ta ce, "Ya yi laushi, ƙara ruwan toka." Wata rana kuma sai ta mayar da ludayin ta juya fuska bango. Ranar na ji tsoro sosai. Ƙafafunta sun yi suntum, muryarta ta koma kamar daga ƙasan rijiya, ni kuma ina zaune kusa da tukunyar da ta ƙi motsi. Har magana na yi wa tukunyar, da ba kowa kusa. Na ce mata, "Ke, kin cinye mini itace, kin kore mini mutane, in za ki tashi ki tashi, matar nan ba ta da lokacin jan ajinki."

Ko ta ji ko ba ta ji ba, Allah masani. Wata safiya na fito hura wuta, na ɗaga faifan don al'ada, sai ga kumfa ta taru a tsakiya, shuɗiya mai ratsin ja-ja, saman ruwan yana ƙyalli kamar wuyan tattabara. Na ture kumfar da tsinke, ƙasan kore-kore. Ban jira Nimatou ba, ni na cika ludayin na nufi ƙurya ina zubarwa a hanya.

Inna ta sansana. Ta taɓa da harshe, ta daɗe tana juya shi a baki kamar mai ɗanɗanon miyar biki. Sai na ga haƙoranta.

"Ya tashi. Ku ɗauke ni."

A kan kujerar roba aka ɗauko ta, Kamarou ta dama, Idrissou ta hagu, aka ajiye ta a rumfata cikin hayaƙi, an lulluɓe ta da zane. Masu sayen waina suka matsa suka ba ta wuri. Aka jiƙa dunƙulen ƙyallen da ruwan sama, aka matse. Ta dubi safar hannun ɗanta ta ce, "Wannan hannun amaryar ba zai ji ƙyalle ba. Dije, sa hannu."

"Inna, da hannun nan nake zuba wa mutane abinci."

"To su ci da albarka."

Na sa. Ruwan da ɗumi, da santsi. Tana daga zaune tana ba ni umarni: in nutsar da shi a hankali kada iska ta bi shi, in yi ta matsa shi a ƙarƙashin ruwa, in buɗa tsakanin ƙurajen da yatsa, kada in bari ya taɓa laka a gindi. Da ta ce in fitar, na fitar da abu kore shar kamar ganyen alayyafo. Mai ɗinkin nan ya ce, "Ayya, ya ɓaci." Inna ko kallonsa ba ta yi ba, ta ce a rataye a igiya. Muna tsaye muna kallo koren ya fara juyawa, daga bakin ƙurajen zuwa ciki, har dunƙulen duka ya zama shuɗi a gaban idonmu. Na sha ganin wannan daga nesa ina toshe hanci, amma ranar da ya faru a hannuna sai da tsigar jikina ta tashi.

Daga nan aiki ya zama tsomawa da shanyawa. A tsoma, a ba shi iska ya sha, a bar tukunya ta huta, a sake. Kullum shuɗin na ƙara duhu, kullum Inna na ƙara sauƙin ɗauka. Hannuna ya rine har gwiwa, yaran lungu suka sa mini suna ƙanwar Inna. Kowace tsomawa sai an kai mata ta duba, ta ce, "Da saura." Kamarou ya ce, "Inna, ai ya yi baƙi." Ta ce, "Baƙin jiƙa ne. In ya bushe zai ba ni kunya."

Ranar ƙarshe ba ta ɗauku ba. Muka kai mata dunƙulen a baho har bakin gado, Nimatou ta ɗage labule don haske ya shigo. Ta ɗora babban yatsa a kai ta danna, ta ce a juya mata ɗaya gefen, ta sake dannawa. Ƙyallen ya yi duhu har yana wani ja-ja in haske ya taɓa shi.

"Ya yi," in ji ta. "Ku kwance."

Ta dubi ɗanta ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Kamarou. Naka ya fi wanda ka kashe." Ya durƙusa ya kifa kai a gefen katifa. Ni na ɗauki bahon na fita neman reza. Ban kai ga yanke zaren farko ba na ji salatin Nimatou, sannan na ji Kamarou yana maimaita kalmar shahada da wata irin murya. Hantsi ne, yayyafi na sauka.

Na yi kuka, kuka mai yawa, da bahon a cinyata. Amma ba a ba ni lokacinsa ba, don gawa ba ta jira. Kafin a jima gida ya cika, masu wanka sun shiga, Malam Maharazu ya ce bayan azahar za a yi salla. Ni kuma ga dunƙule a gabana, ƙulli ba iyaka, kowanne Inna ta ɗaure shi kamar ba za a taɓa kwancewa ba. In ka yi gaggawa ka yanki ƙyallen.

Na tashi na tsaya a tsakar gida na ce, "Duk macen da ta zo kuka, ta ajiye shi tukuna ta karɓi reza."

Suka zauna a kewaye da tabarma, matan gidanmu da na maƙwabta, har da matan Nago biyu, Yarabawa masu sayar da kifi, da ba su jin Hausa sosai amma sun san aikin tun a garinsu. Kowa ta kama gefe. Ka tsinke zare, ka warware, ɗan tsamiya ya faɗo a tire ya yi ƙara. Tun ana jin ƙarar ɗaya-ɗaya har ta koma kamar ruwa a kan kwano. Hawaye na ɗiga a kan ƙyalle, hannuwa na ta aiki.

An kira azahar muna rabi. Aka idar, aka shigo da makara, sai ga wani dattijo daga masallaci da bargon damisa a kafaɗa. Ba da mugun nufi ba, shi dai abin da ya saba ke nan. Ya ce, "Mata, ku yi haƙuri, ba a jinkirta gawa saboda ado. In ya so a rufa wa na gaba."

Na buɗe baki, kuma Allah ya taimaki dattijon nan Kamarou ya riga ni. Mutumin da ban taɓa jin ya musa wa babba ba ya tsaya a ƙofar ɗakin uwarsa ya ce, "Baba, a gafarce ni. Sau ɗaya na ɓata mata aikin nan, ba zan sake ba." Ya juya ga liman. "Allah gafarta Malam, a ba mu kaɗan."

Malam Maharazu ya dubi tabarmar, ya dubi tiren da ya cika da 'ya'yan tsamiya. Sannan ya ce, "Masu haƙa sun aiko cewa ruwa ya tsayar da su, ba su gama ba. In sun gama, ba zan ƙara ko kaɗan ba. Ku yi sauri."

Kamarou ya tsuguna cikin mata ya karɓi reza. Babu safar hannu.

Da zaren ƙarshe ya fita, muka kama gefe-gefe muka ja. Ƙyallen ya buɗe ya cika tsakar gida, sai da wasu suka ja da baya. Baƙin shuɗi ne mai zurfi, cike da ƙananan zobba farare, sun yi cincirindo a gefuna, suna raguwa suna shiga ciki, tsakiyar kuma fili ne, shuɗi zalla, daidai tsawon mutum a kwance. Ni da na ga zobban nan ƙullin waina na tuna, in ya kwana ya tashi ya yi idanu. Wata ta ce, "Ayya, ba ta gani ba." Nimatou ta share ido ta ce, "Ita ta ɗaura, ta riga mu gani."

A ƙa'ida sai an yi ta ɗauraye shi har ruwa ya fita fari, a shanya ya bushe. Ina lokaci? Muka tsoma shi a duron ruwan sama, Kamarou da Idrissou suka murɗe shi, muka riƙe shi a saman murhuna ya sha ɗumi kaɗan. Nimatou ta fito da tuntaye na zare, ja da rawaya, da Inna ta rina ta ajiye a kwano tun kafin ta kwanta, muka ƙulla a kusurwoyi. Saƙo ya zo daga maƙabarta cewa an gama haƙa. Aka rufa ƙyallen a kan makara da danshinsa.

Mota ba ta iya shigowa lungunmu saboda taɓo, don haka a kafaɗa aka ɗauke ta, daga gida zuwa masallaci, daga masallaci zuwa bakin titi. Muna ƙofar gida, daidai inda muka tsaya ranar Karimatou. Makara ta wuce a hankali cikin yayyafi, zobban nan farare suna haske, jan tuntu na reto a inda wutsiya ta saba leƙowa. Masu shaguna suka fito. Masu babur suka kashe inji suka tsaya. Maza kuwa, kun san yadda ake yi, kowa na son ladan ɗauka, wannan ya sa kafaɗa ya yi 'yan taku ya ba wani, wani ya kama gefen lulluɓin don kada iska ta ɗaga. Ban taɓa ganin an yi rububin makara a lungunmu kamar ranar ba. Zuciyata ta cika, baƙin ciki da daɗi a wuri ɗaya, har na ji kaina ina cewa a fili, "Kin ci, Inna. Wallahi kin ci."

Sai bayan la'asar suka dawo. Ni na fara lura, ina miƙa ruwan sha. Wanda ya karɓi kofin tafinsa shuɗi ne. Na dubi na kusa da shi, shi ma haka, ga kafaɗar farar rigarsa ta rine. Ƙyallen da bai sha ɗauraya ba ya haɗu da yayyafi, duk wanda ya taɓa ya samu rabonsa, wanda bai taɓa ba kuma ya samu a musafahar ta'aziyya. Aka zauna, Malam Maharazu ya yi addu'a, aka shafa. Da hannuwa suka sauka, sai ga tabarma guda ta maza da shuɗin goshi da kumatu, liman har a farin gemunsa. Dattijon mai bargo ya fi kowa, don shi ya naɗo lulluɓin daga maƙabarta a ƙirjinsa.

Wata ta fara ƙunshe dariya a bayan mayafi, sai ta kama mu duka, muna yi muna share hawaye. Mazan suka dubi juna, su ma suka kasa riƙewa. Liman ya duba tafinsa ya girgiza kai ya ce, "Allah ya jiƙan Bibata. Ba ta bar kowa ba." Bargon damisa kuwa, a ranar liman ya ba mai gadin masallaci, ya ce sanyi ake yi.

Da jama'a suka ragu, kafin magariba, na ɗauraye lulluɓin yadda ya kamata na shanya shi a igiyar tsakar gida, daga ƙofar ɗakina har kusa da na Inna. Na ɗauki sabulu da buta na fita neman Kamarou. Na same shi a rumfata, ya ɗage faifan tukunyar, lokacin motsawar yamma ya yi.

"Ga sabulu," na ce. "In ka bari ya kwana, sai ya ga dama zai fita."

"Ajiye nan, Yaya Dije."

Na ajiye a kan benci, kusa da safar hannunsa ta roba da ke nan tun safe. Ya kama muciya da hannu biyu, shuɗi har wuyan hannu, ya shiga juyawa a hankali. Kumfar ta zagaya ta dawo ta taru a tsakiya. A cikin gida ruwa na ɗiga daga tuntayen yana sauka a kan siminti.